Faranti Mai Tashi: Laifin Gwamnati Ne Ko Na 'Yan Jarida?

Wata rana da dare, bayan an tashi daga karatu muna kan hanyar komawa ɗakunan kwana, sai wani yaro ɗan aji ɗaya ya ƙwala ihu yana nuna sama. Muka ɗaga kai, sai ga waɗansu fitilu sun yi jerin gwano suna tafiya a hankali daga yamma zuwa gabas, ba ƙara ba hayaƙi. Kafin mu gama mamaki sun ɓace. Da gari ya waye, waɗanda ba su gani ba suka dinga yi mana dariya, wai yunwa ce ta sa mu ganin taurari suna yawo. Waɗansu kuwa suka ɗauki labarin suka sa masa gishiri, har kafin azahar an ce fitilun sun sauka a bayan filin ƙwallo. Malamin kimiyya ne kaɗai ya kira mu ya tambaye mu ƙarfe nawa muka gani, daga wace nahiya, kuma minti nawa abin ya ɗauka. Kashegari ya zo mana da amsa. Ashe taurarin ɗan'adam ne na Starlink, waɗanda kamfanin SpaceX na Amurka ya fara harbawa da yawa a lokaci guda tun 2019, kuma in an harba su sabo-sabo haka sukan jeru kafin su warwatsu.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya faru a makarantarmu cikin kwana biyu shi ne ya faru a Amurka cikin shekara fiye da saba'in. Bambancin kawai shi ne, a can masu dariya da masu sa gishiri sun yi yawa, irin malaminmu kuwa sun yi ƙaranci. Ra'ayina shi ne, ruɗanin da ake ciki game da abubuwan da ake gani a sama ba a gane ko mene ne ba, gwamnatoci ne suka shuka shi da ƙarya da ɓoye-ɓoye, 'yan jarida kuma suka yi masa ban ruwa da ba'a da zuzutawa. Zan kawo hujjojina, mai karatu ya yi hukunci.

Da farko ya kamata mu san ma'anar sunan. Turawa suna taƙaita shi da haruffa uku, UFO, watau abin da ke tashi a sama wanda ba a gane shi ba. Iyakar ma'anarsa ke nan. Sunan bai ce jirgin waɗansu halittu ne daga wata duniya ba. In ka hangi mutum daga nesa da magariba ba ka shaida shi ba, ai rashin shaidawar ba ta mai da shi aljani ba.

Labarin ya soma ne ran 24 ga Yuni, 1947. Wani ɗan kasuwa mai suna Kenneth Arnold yana tuƙa ƙaramin jirginsa kusa da dutsen Rainier a jihar Washinton, sai ya ce ya ga abubuwa tara masu walƙiya suna gudun da ya fi mil 1,000 cikin awa. Da yake yi wa 'yan jarida bayani, sai ya kwatanta tafiyarsu da yadda faranti kan yi tsalle-tsalle in an wurga shi bisa ruwa. Nan da nan jaridu suka buga cewa an ga faranti mai tashi. Daga baya shi da kansa ya yi ta cewa tafiyar ya kwatanta, amma ina, bakin alƙalami ya bushe. Cikin 'yan makonni ɗaruruwan mutane suka ba da labarin ganin abu mai siffar faranti. Dubi yadda kalma ɗaya ta ɗan jarida ta gaya wa ƙasa guda irin abin da za ta gani.

Mako biyu bayan haka gwamnati ta yi nata. Wani mai lura da garken tumaki ya tsinci tarkace a daji a jihar Niyu Meksiko, ya kai rahoto garin Roswell. Ran 8 ga Yuli, 1947, sansanin mayaƙan sama na garin ya ba da sanarwa cewa an sami faranti mai tashi. Kafin a kwana, Janar Roger Ramey ya ce kuskure ne, balan-balan ne na auna yanayi. Sanarwar fari ba gaskiya ba ce, ta biyun ma ba cikakkiyar gaskiya ba ce. Sai a 1994, bayan shekara 47, rundunar mayaƙan sama ta fito ta ce tarkacen na wani aikin asiri ne mai suna Mogul, inda ake tayar da jerin balan-balan ɗauke da na'urori don a saurari ƙarar gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyet. To, amma a lokacin labarin ya riga ya yi jijiya. Tun wajen 1978 aka farfaɗo da shi, aka rubuta littattafai, aka ƙara da cewa har gawarwakin baƙin halittu an ɗauka. Da gaskiyar ta zo, mutane da yawa suka ce wanda ya yi ƙarya jiya, me zai hana shi yi yau? Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan kam ya yi zurfin da har yau ana faɗawa cikinsa.

A watan Yuli na 1952 na'urorin rada masu hango jirage suka nuna waɗansu abubuwa a sararin birnin Washinton, har aka tayar da jiragen yaƙi. Hankalin jama'a ya tashi, rahotanni suka yi ta kwarara. Saboda haka a Janairun 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA ta tara waɗansu masana ƙarƙashin Farfesa H. P. Robertson. Bayan zaman 'yan kwanaki suka ce ba su ga alamar barazana daga abubuwan da ake gani ba. Abin da suka ji tsoro shi ne yawan rahotannin, kada su toshe hanyoyin sadarwa na soja har jiragen abokan gaba su shigo ba a sani ba. Shawarar da suka bayar ita ce a yi amfani da talabijin da silima da jaridu a rage wa al'amarin kwarjini a idon jama'a, a kuma sa ido kan ƙungiyoyin farar hula masu bin diddiginsa. Aka rufe rahoton a matsayin asiri. Watau tun daga nan aikin ya karkata daga gano abin da mutane suka gani zuwa hana su damun hukuma da shi.

Akwai wanda ya fi wannan. Daga 1955 Amurka ta fara gwada jirgin leƙen asiri mai suna U-2, wanda ke tashi sama da ƙafa 60,000, alhali jiragen fasinja na zamanin ba su kai rabin haka ba. Da yamma, bayan rana ta faɗi ga mutanen ƙasa, shi can sama tana haska jikinsa, sai a gan shi kamar wuta tana tafiya. Matuƙan jirage da mutanen gari suka yi ta kai rahoto. A 1997 masanin tarihin CIA, Gerald Haines, ya rubuta cewa jiragen asiri irin wannan su ne sanadin fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960, kuma jami'ai sun san haka amma suka riƙa ce wa jama'a ƙanƙarar sama ce ko sauyin iska. Waɗansu masu bincike suna ganin lissafin nasa ya yi yawa. Ko da rabin abin da ya faɗa ne, ma'anarsa ita ce mutum ya ga abu na haƙiƙa, ya faɗi gaskiya, hukuma ta mai da shi marar hankali.

Duk da haka, ba zan ce rundunar ba ta yi wani aikin kirki ba. Ofishinta mai suna Blue Book, watau Shuɗin Littafi, wanda ya yi aiki daga 1952 zuwa 1969, ya bar tarin rahotanni 12,618. Daga ciki 701 ne kawai aka rasa bayaninsu. Yawancin sauran sun zama jirage, ko balan-balan, ko tsuntsaye, ko gajimare, ko tauraruwar nan da muke kira Zara matar wata. Wannan lissafi ya isa ya kwantar da hankalin mai tunani. Amma tun da ya fito daga bakin da aka kama da ƙarya, sai ya rasa daraja.

Kada mai karatu ya zaci halin Amurkawa ne kaɗai. Ran 20 ga Satumba, 1977, kafin asuba, mutanen birnin Petrozavodsk a arewacin Tarayyar Sobiyet suka ga wani babban haske mai zaruruwa ya cika sama. Jaridun ƙasar suka buga shi a matsayin abin al'ajabi. Alhali kuwa roka ce ta ɗauki tauraron ɗan'adam Kosmos 955 daga sansanin Plesetsk, wanda gwamnati ba ta yarda a fili cewa akwai shi ba sai a 1983. Abin sha'awa a nan, waɗanda suka fara tona asirin wannan sansani 'yan makaranta ne irinmu. A 1966 wani malamin kimiyya mai suna Geoffrey Perry da ɗalibansa a makarantar sakandare ta Kettering a Ingila suka riƙa sauraron siginar taurarin Rasha da tsohuwar rediyo, suka yi lissafi, suka gane akwai sabon wurin harba roka a arewa. Abin da babbar gwamnati ta ɓoye, haƙuri da lissafi suka fito da shi.

Yanzu bari mu koma ga 'yan jarida. Laifinsu iri biyu ne, kuma sukan yi su bi da bi. In labari yana sayar da jarida sai su kumbura shi. In sun gaji da shi sai su mai da wanda ya kawo shi abin dariya. A watan Maris na 1966 mutane da yawa a jihar Mishigan, ciki har da 'yan sanda da ɗaliban wata kwaleji, suka ce sun ga fitilu a bakin fadama. Aka aiko masanin taurari Dokta J. Allen Hynek, mai ba Blue Book shawara. Da 'yan jarida suka matsa masa, sai ya ce mai yiwuwa waɗansu daga cikin fitilun iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓun ciyayin fadama ce. Jaridu suka jefar da "mai yiwuwa", suka jefar da "waɗansu", suka riƙe iskar fadama suna ta zanen barkwanci. Mutanen jihar suka fusata, har ɗan majalisarsu Gerald Ford, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya nemi majalisa ta zauna a kan batun. Ba wanda ya amfana. Masanin ya sha kunya, shaidun sun sha ba'a, fitilun kuwa ba a koma kansu ba.

Wani lokaci ma hukuma da jarida sukan haɗa baki wajen dariyar. Ran 13 ga Maris, 1997, dubban mutane a jihar Arizona suka ga fitilu a sama. Bincike ya nuna cewa waɗanda aka gani daga baya a daren wutar haska fili ce da jiragen soja suka saki da laima a wurin atisaye. Maimakon a yi wa jama'a bayani da wuri, sai gwamnan jihar, Fife Symington, ya kira 'yan jarida ya ce an kama mai laifi, aka shigo da wani hadiminsa sanye da kayan dodo, aka yi ta ƙyaƙyata dariya. Bayan shekara goma, a 2007, gwamnan nan ya ce shi ma ya ga wani abu a daren. To, in gwamna ya ga abu ya ji nauyin faɗa, yaya ƙaramin ma'aikaci mai tsoron a kore shi?

Sai kuma iska ta juya. A watan Disamba na 2017 jaridar New York Times ta buga cewa ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta kashe dala miliyan 22 a kan wani ofishi na ɓoye mai binciken irin waɗannan abubuwa. A Afrilun 2020 ma'aikatar ta saki hotunan bidiyo uku da matuƙan jiragen sojan ruwa suka ɗauka. Jaridun da jiya suke dariya yau suka koma manyan kanu masu tayar da hankali. A Yulin 2023 wani tsohon jami'in leƙen asiri, David Grusch, ya gaya wa majalisa cewa gwamnati tana riƙe da jiragen da ba ɗan'adam ya ƙera ba. Shi da kansa ya ce ji ya yi daga waɗansu, bai kuma nuna wa jama'a wata shaida ba, amma labarin ya zaga duniya cikin awa kaɗan. Da hukumar NASA ta fito da nata rahoto a Satumban 2023, ofishin binciken Pentagon kuma ya fito da nasa a Maris na 2024, dukansu suka ce ba su sami shaidar baƙi daga wata duniya ba, kaɗan ne suka sa wannan a shafin farko. An gudu daga gidan gara an faɗa na zago.

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa a ciki, ai tatsuniya ce kawai. Akwai hasara ta gaske. Rahoton da ofishin shugaban leƙen asirin Amurka ya fitar a Yunin 2021 ya duba rahotanni 144, yawancinsu na matuƙan jiragen soja, daga 2004 zuwa 2021. Guda ɗaya tak aka iya tabbatar da shi, balan-balan ne da ke sacewa. Sauran sun rasa amsa domin bayanan da aka tara ba su isa ba, kuma rahoton ya ambaci tsoron ba'a cikin abubuwan da ke hana matuƙa magana. Matuƙin da ya kusa karo da abu a sama ya yi shiru don kada a ce ya taɓu, ya bar haɗarin yana jiran na bayansa. A Fabrairun 2023 wani ƙaton balan-balan na ƙasar Sin ya ratsa sararin Amurka kafin a harbo shi ran 4 ga watan. Amurka ta ce na leƙen asiri ne, Sin ta ce na auna yanayi ne, irin amsar da Amurka ta bayar a 1947. Sa'an nan shugabannin soja suka yarda cewa irinsa sun taɓa wucewa ba a lura ba. Ƙasar da ta koya wa mutanenta dariya ga duk wanda ya ɗaga kai, ta wayi gari ba ta san abin da ke bisa kanta ba.

Na san masu kāre gwamnati suna da tasu hujja. Za su ce lokacin yaƙin cacar baka ne, ba za a tona asirin jirgin U-2 don wani manomi ya ga haske ba. Na yarda kowace ƙasa tana da asirin da ya wajaba ta riƙe. Amma akwai tazara tsakanin a ce wa mutum "wannan batu ne na tsaro, ba za mu yi magana a kansa ba" da a ce masa "idonka ne ya ruɗe ka". Na farko riƙon amana ne, na biyu zalunci ne ga mai gaskiya. Asirin jirgin ya ƙare cikin 'yan shekaru, domin Rasha ta harbo ɗaya a 1960. Rashin yardar da ƙaryar ta haifa kuwa ta yi jikoki.

Ga masu cewa lalle baƙi ne daga wata duniya, su ma ina da magana da su. Wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida. Yau kusan kowa yana yawo da kyamara a aljihu, amma hotunan da ake nunawa har yanzu dishi-dishi suke. Cewa gwamnati ta taɓa yin ƙarya gaskiya ne, sai dai duk lokacin da aka buɗe akwatin asirin, abin da aka tarar jirgi ne ko roka ko balan-balan na ɗan'adam.

Shin akwai wata hanya? Akwai, kuma Faransa ta nuna ta. Tun 1977 hukumar sararin samaniyar ƙasar ta kafa ƙaramin ofishi a birnin Toulouse, wanda yanzu ake kira GEIPAN. Kowa yana iya kai rahoto, ko ta hannun jandarmomi ko kai tsaye. Ana yi wa shaida tambayoyi cikin mutunci, a duba taswirar taurari da zirga-zirgar jirage da yanayin ranar, sa'an nan a sa rahoton cikin ɗayan aji huɗu: an gane, kusan an gane, bayani bai isa ba, ko an bincika an rasa. Tun 2007 takardun suna kan intanet kowa ya karanta. Waɗanda suka faɗa aji na huɗu 'yan kaɗan ne, kuma ofishin ba ya jin kunyar cewa bai sani ba.

Faransawa sun koyi wannan darasi ne tun da daɗewa. A ƙarni na 18 manyan masanan Faris ba su yarda dutse yana faɗowa daga sama ba. In ƙauyawa sun kawo, sai a ce tsawa ce ta bugi dutsen ƙasa. Ran 26 ga Afrilu, 1803, duwatsu wajen 3,000 suka zubo a kewayen garin L'Aigle. Gwamnati ta aiki wani saurayin masani, Jean-Baptiste Biot, ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar manoma da mata da yara, ya auna wurin, ya gwada duwatsun. Rahotonsa ne ya sa duniyar ilmi ta miƙa wuya. Ashe ƙauyawan ne ke da gaskiya.

Mu ma nan gida muna da namu misali. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a kusa da Zagami, cikin lardin Katsina na wancan lokaci, yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji ƙara mai tsanani, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi ya nutse cikin ƙasa. Ba a yi masa dariya ba. Aka haƙo dutsen aka kai ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Bayan shekaru, da masana suka gwada iskar da ke maƙale cikin irin waɗannan duwatsu da wadda kumbon Viking ya auna a duniyar Mars a 1976, sai aka tabbatar daga can ya fito. Watau abin da Amurkawa suka yi shekaru suna nema, baƙo daga wata duniya, ya sauka a gonar Bakatsine, kuma an san shi ne domin an saurari talaka an adana shaida.

Saboda haka, 'yan'uwana, wasunmu gobe za su zama 'yan jarida, wasu jami'an gwamnati, wasu matuƙan jirage. In aka kawo maka labarin abin da aka gani a sama, kada ka yi gaggawar dariya, kada kuma ka yi gaggawar yaɗawa a waya. Tambayi ranar da lokacin da nahiyar, ka rubuta tun ba a manta ba, ka nemi wani shaida daban, ka tuntuɓi wanda ya fi ka sani. In an sami amsa a faɗe ta a fili. In ba a samu ba a ce ba a samu ba, domin matambayi ba ya ɓata. Yaron nan ɗan aji ɗaya da aka yi wa dariya, shi ne yanzu ke riƙe da littafin da ƙungiyarmu ta kimiyya ke rubuta abin da ta gani a sama kowane daren Asabar.